Askar Alhaji: yadda nake koyon gyaran fuska

Alhamis, 7 ga Nuwamba 2024

Yau na ciro askar mahaifina Alhaji daga ƙasan adakarsa. Tana naɗe cikin wani tsumma da ya sha mai har ya koma baƙi. Irin mai naɗewar nan ce, ƙotarta ta ƙaho, faɗin ƙarfen bai kai yatsa guda ba, kuma a gindinsa an buga Solingen, garin maƙeran wuƙaƙe na Jamus. Alhaji ya ce a Kasuwar Kurmi ta Kano ya saye ta lokacin da yake fatauci, ban ma zo duniya ba. Tsatsa ta ɗan ci bayanta, amma bakin bai gutsure ba.

Ga abin da ya sa na ɗauko ta. Shekara talatin da ɗoriya, duk Juma'a da hantsi Baba wanzam yake shigowa zaurenmu a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da zabirarsa a rataye, ya yi wa Alhaji gyaran fuska kafin a tafi masallaci. Da wannan askar yake yi, in ya gama ya goge ya miƙa wa mai ita. Tun damina yanar ido ta rufe wa Baba idon dama, na hagun ma dishi-dishi yake gani. Shi da bakinsa ya ce ya ajiye aiki, ba zai sa ƙarfe a wuyan mutum yana lalube ba. Ƴaƴansa maza biyu, ɗaya yana kabu-kabu, ɗaya yana Agadas.

Mun kawo wani yaro mai injin aski sau biyu. Ba laifinsa ba ne, abin da ya koya ya yi, amma sauri yake, kuma ya zana wa dattijo ɗan shekara 81 layi irin na samari. Alhaji bai ce uffan ba. Juma'a ta uku ya ce a bar shi haka. Yanzu furfura ta cika masa kumatu da wuya, gashin baki ya sauko kan leɓe, in baƙi sun zo sai ya ja rawani ya yi amawali. Wannan jan rawanin ne ya hana ni barci.

Gemu ba a taɓa shi, Alhaji bai taɓa yarda ba. Aikin uku ne: share kumatu daga saman saje, share wuya ƙasa da gemu, sai rage gashin baki a fito da leɓe. A fuskata zan koya. Na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan kusanci tasa ba sai na yi aski goma a jere ba ɗigon jini. Ina fatan in kai kafin azumi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na je gidan Baba wanzam da goro. Mu ba wanzamai ba ne, kakanninmu fatake ne, kuma wanzanci gado ne, yana da sarkinsa da ladubbansa. Ban ga dacewar in ɗauki aska ba tare da izinin mai ita ba.

Na tarar da shi bakin ƙofa yana shan hantsi. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, ya daɗe shiru, sannan ya miƙo hannu. Ya buɗe askar bai duba ba, ya kai ta kusa da kunne ya ɗan taɓa gefen ƙarfen da farce. Ta yi wata ƴar ƙara siririya.

"Tana nan da ranta," in ji shi. "Ɗana, wa ya ce ka iya?"

"Ban iya ba, Baba. Koyo na zo."

"To, fuska biyu na ba ka, taka da ta mahaifinka. Ba kaciya, ba ƙaho, ba beli, ba askin jariri. Ko an roƙe ka."

Na ce na ji. Ya sa aka ɗauko zabira, ya zazzage ta kan buzu. Ƙahonni, ƴar tsaga, almakashi, asake huɗu ƙirar gida gajeru masu kauri, fatar da ta yi sulɓi saboda shekaru, da duwatsu biyu. Ya nuna mini bambancin askarsa da ta Alhaji da yatsa. Tasa kamar ƴar mitsitsiyar gatari take, kauri ne tun daga baya har baki. Ta Alhaji an fafe gefenta biyu, bakin ya zama siriri kamar ganye, shi ya sa take kuka in tana aiki. Ya ce wannan kukan ne malamina, tunda shi idonsa ba zai iya tsare ni ba.

Gargaɗi guda ya maimaita har sau uku: kada in kuskura in kai ta wurin masu wasa wuƙa da inji. Dutsen inji yana gasa bakin ƙarfe, in ya gasu ba ya ƙara riƙe kaifi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kwana uku ina fama da tsatsa, da ƴar takardar goge katako mafi laushi da ɗigon man keken ɗinki. Ta fita, sai ɗan baƙin tabo da ya zauna kusa da rubutun.

Wani baduku ya yanko mini fata, tsawon kamu guda da ɗan ƙari, faɗin yatsa uku, ya sa mata zobe don ratayewa. Dala ɗari ya karɓa. Damagaram dai ba a rasa fata mai kyau.

Wasawa a gaban Baba aka yi. Na karanta cewa duwatsun kanti lamba gare su, 1000 na fitar da baki, 4000 da 8000 na gogewa. Na Baba ba lamba, akwai mai ci akwai mai laushi. Ana kwantar da askar gaba ɗaya, baya da baki duk suna taɓa dutse, a tura baki gaba kamar za a yanko ɓawon dutsen, ba dannawa. Ba a ɗaga bayan kamar yadda ake yi wa wuƙar mahauta, don kaurin bayan shi ke tsayar da karkatar baki. A fata kuwa akasin haka ake yi, baya ne ke gaba, baki na biye, in an kai ƙarshe a mirgina ta kan bayanta. Dutse yana cin ƙarfe, sai lokaci-lokaci ake hawansa. Fata miƙar da baki kawai take yi, ita kullum ce.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Askin farko. Kumatun dama kawai.

Na kulle kaina a ɗaki da madubi, da ruwan ɗumi a kofi, da sabulun salo. Hannuna ya yi ta rawa kafin ƙarfe ya taɓa fata. Da ya taɓa, sai na ji tana jan gashin tana tsigewa, idona ya kawo ruwa. Na ƙara ƙarfi, abin ya ƙara muni. Minti arba'in a kan fili da bai kai tafin hannu ba. Jini bai fito ba, amma wurin ya yi ja yana raɗaɗi har la'asar, ko ruwan alwala ban so ya taɓa shi ba.

Fatar baduku ma na yanke ta wuri biyu, saboda na juya askar ta kan baki.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Baba ya ce in yi askin a gabansa. Ya zauna daf da ni ya karkato kunne. Ja biyu na yi ya ɗaga hannu.

"Ƙanzo kake kankarewa?"

Na tsayar da askar da yawa, kusan a miƙe take kan fata. Ya kama hannuna ya kwantar da ita a kuncina, sannan ya ɗaga bayan kaɗan, kamar kaurin bayan sau biyu. Masu rubutu suna cewa kada a wuce digiri 30, wannan ke nan. Daga nan ya ɗora yatsun hannuna na hagu sama da saje ya ce in ja fata sama har ta yi tauri kamar fatar kalangu. A cewarsa hannun hagu ne wanzami, na dama ɗan aike ne.

Na sake ja. Ƙarar ta canza, ta koma siririya, tsas-tsas, kamar ana yaga takarda a ɗaki na gaba. Kuma ban ji komai a fuskata ba. Na duba askar, ga kumfa cike da ɗigo-ɗigon gashi.

Abu na biyu shi ne jiƙo. Ni shafa ruwa na yi na hau aiki. Baba kan jiƙa fuskar mutum ya yi ta murzawa da yatsu yana jan sa da hira, ashe hirar ba ta banza ba ce, jira yake gashi ya sha ruwa. Busasshen gashin fuska yana da tauri ƙwarai, sai ya sami minti biyu zuwa uku a jiƙe kafin ya yi laushi. Yanzu nakan ɗora tawul mai ɗumi in ƙirga ɗari biyu.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na yanke. Ƙasan kunnen hagu, inda muƙamuƙi ya lanƙwasa. Ɗan autana ya buga ƙofa, na waiwaya askar na kan fata, ta zame gefe. Aska ba ta cika yanka fata ba in tana tafiya gaba, sai in ta ja a tsawonta ko tsininta ya nutse. Yankan bai kai rabin gaɓar yatsa ba, amma jinin ya sauko har wuyan riga. Na jiƙa alif na danna. Zafinsa har cikin kai, jinin kuma ya tsaya.

Abin da ya tsaya mini a rai, da wuyan Alhaji ne fa?

Lissafi ya koma farko. Dokar da na ƙara: in za a amsa kira, a ɗage aska tukuna.

Laraba, 18 ga Disamba

Yau hutun ranar Jamhuriya, ƙanwata ma'aikaciyar jinya ta zo gida. Ta ga tabon, ta tambaya, na ba ta labari da murna. Ita kam ba ta yi murna ba.

"Yaya, askar da ta sha jininka za ka sa wa Alhaji?"

Ban yi wannan tunanin ba sam, ni da na san dalilin da ya sa Alhaji ya ware askarsa tun farko. Ta ce mutane tsoron sida, wato ƙanjamau, suke, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamuwa ta jini nesa ba kusa ba, ƙwayarsa tana iya kai kwana 7 da rai a busasshen jini a kan ƙarfe, kuma mutum yakan yi shekaru da ita bai sani ba. Ta ce in je a gwada jinina, in babu a yi mini allurar rigakafi. Aska ɗaya, fuska ɗaya.

Na tambaye ta ruwan jabel, wato bilic na wanki, ta ce yana kashe ƙwayar cuta. Sai dai yana cin irin wannan ƙarfen, dafawa kuma tana lalata ƙotar ƙaho. Abin da muka tsayar: a wanke da sabulu sosai, a jiƙa ƙarfen da alkol mai lamba 70 na farmasi, a sake hawa dutse, daga nan ta Alhaji ce shi kaɗai kamar da.

Gobe Alhamis, ranar cin Kasuwar Dole, zan sayo wa kaina irin wadda ake sa wa rabin reza, wadda samarin wanzamai da yawa suka koma riƙewa don kowa a ɓare masa sabuwa a gabansa. Ni kam na ga hikimar abin, ko da tsofaffi suna raina ta.

Juma'a, 27 ga Disamba

Sakamako ya fito, babu. Alhamdu lillahi. An yi mini allura ta farko, saura biyu.

Juma'a, 3 ga Janairu 2025

Sabuwar askar ba ta da haƙuri. Ba nauyi, bakin ya fi kaifi, ga kusurwar reza tana neman inda za ta shiga. Na kai shida a jere, yau ta cije ni a ƙasan haɓa. Lissafi ya sake komawa farko.

Hunturu ma bai bar ni ba. Tun tsakiyar Disamba hazo ya rufe gari, daga soronmu ba a hango duwatsun Birni da kyau. Kumfa kafin in gama ɓangare ɗaya ta bushe a ɗayan ta zama gari, askar ta riƙa tsalle. Na daina shafe fuska duka, sai inda zan aske nan take. Bayan an gama, ruwan sanyi, alif, sai man kaɗanya ɗan kaɗan. Wani abin da na lura, kofi ɗaya na ruwa ya ishi aikin duka. A garin da muke sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wuyana kuwa ya fito da ƙuraje ƙanana masu ƙaiƙayi. Ni na jawo, don ina son santsi na riƙa bi ta sama, ina saɓa wa kwanciyar gashi. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In an yanke shi ƙasa da fata da kaifin tsini, wajen fitowa sai ya lanƙwashe ya soki fata ya koma ciki, wurin ya kumbura. Baba ya ce in bar wuyan kwana uku, sannan in rufe ido in bi da yatsa. Na yi. A kumatu gashin ƙasa yake kwance. A wuya kuwa ba tsari: gefen dama ya nufi kunne, ƙasan zakaran wuya ya juya sama, ga wata ƴar guguwa a hagu. Shekara arba'in da biyu ina ɗauke da wuyan nan ban san haka yake ba. Yanzu bin kwanciyarsa nake, ja ɗaya, in ya rage ya rage.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Goma ta cika. Duk bayan kwana uku tun 6 ga Janairu, ba jini, ƙurajen sun kwanta. Minti goma sha biyar nake yi yanzu. Ɓangaren hagu da hannun hagu nake askewa, shi ya fi ba ni wuya.

Askar Alhaji kuma kullum da dare nakan ba ta ja talatin a fata don hannu ya saba da nauyinta.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na je in gaya wa Baba na shirya. Ya shafa fuskata da bayan yatsu, ya ce fuskar matashi ba jarrabawa ba ce, fata ce mai tsayuwa da kanta. Ya laluba zabira ya ciro wata ƴar aska da ya ce tasa ce ta kansa, ba ta taɓa hawa fuskar kowa ba. Ya tuɓe hula ya jingina da bango.

"Bismillah."

An ce wanzami ba ya son jarfa. Wannan dai ya miƙa mini wuyansa, shi da ya ce fuska biyu ya ba ni.

Fatar tsoho wata aba ce daban. Tana bin aska, tana tattaruwa a gabanta kamar zane. In ban ja ta ba, baki zai kama ninki. Ya riƙa koya mini daga ƙarƙashin hannuna: a baje kowane ninki da yatsa biyu kafin a taɓa shi, a sa mutum ya cika kunci da iska, a zakaran wuya a ja fatar gefe a aske ta kan nama, kada a hau ƙashi. In yatsu suna zamewa a goga su a alif. Sau ɗaya ya ce "tsaya", ya nuna mini wani ɗan tsiro kusa da hanci da ban gani ba. Ya ce Alhaji yana da irinsa biyu, ɗaya ƙasan kunnen dama, ɗaya cikin saje, in kewaye su. Da ka ya faɗa, kamar mai kwatancen hanyar gidansu.

Da na gama ya bi fuskarsa da tafi, ya ce na bar gashi a gefen leɓe. Sannan ya ce, "Je ka yi wa mahaifinka."

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na shimfiɗa buzu a zaure inda hasken hantsi ke faɗowa, wurin da suke zama da Baba. Na gaya wa mutanen gida kada kowa ya shigo. Da Alhaji ya ga askar a hannuna ya dube ni, ya dubi askar.

"Wa ya wasa ta?"

"Ni ne, Alhaji, a gaban Baba."

Ya warware rawani ya ajiye a cinya.

Rabon da in taɓa fuskar mahaifina tun ina yaro. Mu ba mu saba ba, ko ido ba ma haɗawa da kyau. Da na ɗora tawul na fara murza kumatunsa, sai na ji yadda ƙashi ya matso kusa da fata, tsokar da na sani duk ta zube. Na rasa hirar da zan ja shi da ita, sai na tambaye shi Kano. Ya ba ni labarin hanyar Magarya da damina, yadda mota kan kafe su kwana a daji, har gashin ya jiƙu bai kai Kurmi ba.

Almakashi na fara sawa, don gashin sama da wata uku ya fi ƙarfin aska. Sannan kumatun dama. Furfura ta fi baƙin gashi tauri, kukan askar ya fi fitowa. Na sami tsiron farko daidai inda Baba ya ce, na kewaye. Na biyun ya ɓuya cikin saje, da yatsa na gano shi. A wuya na tsaya na goge tafina a riga sau biyu. Alhaji ya rufe ido, yana jan carbi a hankali, jijiyar wuyansa na bugawa ƙarƙashin babban yatsana. Na ja fatar gefe na bi kwanciyar gashi, gajeren ja, gajeren ja. Gashin baki da almakashi na rage shi har leɓe ya fito.

Minti talatin da biyar. Ba jini.

Na miƙa masa madubi, bai karɓa ba. Ya shafa kumatu da wuya da hannu, ya ce, "Hannunka ya fi nasa nauyi." Can kuma ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya naɗa rawani, bai yi amawali ba. Jikokinsa suka kama shi zuwa mota.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na biyu, minti ashirin da biyar. Baba ya sa jikansa ya jawo shi, ya zauna bakin zaure yana saurare. A ɓangaren hagu ya ce askar ta fara gajiya, ran Lahadi in kawo ta dutse. Su biyun sun yi ta hira ta saman kaina har ladan ya yi kiran farko.

Alhaji ya ce kansa ma yana so a aske kafin azumi. Baba ya ce kai ba fuska ba ne, ƙeya da bayan kunne karatu ne daban, kuma bai ba ni izininsu ba tukuna. Lahadi zan tafi da askar da goro.